Shmuel Tamir: ya ajiye bam ya ɗauki rigar lauya, to yaƙin ya ƙare ne?

Malam Nasiru:
Salamu alaikum 'yan zaure. Wannan makon mutum guda na kawo mana, Shmuel Tamir. An haife shi a Birnin Ƙudus a 1923, lokacin Falasɗinu tana hannun Turawan Ingila, asalin sunansa Shmuel Katznelson. Yana ɗan shekara 15 ya shiga Irgun, ƙungiyar Yahudawa masu ɗauke da makamai a ɓoye. Da Menachem Begin ya shelanta yi wa Ingila tawaye a Fabrairun 1944, Tamir na cikin waɗanda suka kai hari ofishin haraji na Ƙudus a cikin watan. A 1946 shi ne mataimakin kwamandan ƙungiyar a birnin. Turawa suka kama shi a Maris 1947 suka kai shi sansanin Gilgil a Kenya, a can ya ƙarasa karatun lauya, ya dawo a Yulin 1948 bayan an kafa Isra'ila. Daga nan sai lauya, sai ɗan majalisa, sai ministan shari'a daga 1977 zuwa 1980. Ya mutu a 1987.

Ni a ganina mutumin nan bai taɓa barin fagen daga ba. Da Turawa suka tafi sai ya juya kan jam'iyyar Mapai mai mulki, ta firaminista Ben-Gurion, ya mai da kotu wurin kai hari, kuma akwai wanda ya biya da ransa. Bismillah.

Ummu Khalil:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a shiga maganar rigar lauya, a fara faɗin mece ce Irgun. A 1938 ɗin da ya shiga, ƙungiyar tana dasa bama-bamai a kasuwannin Larabawa a Haifa da Ƙudus, masu cefane suna mutuwa. A Yulin 1946, shekarar da yake mataimakin kwamanda a Ƙudus, suka tarwatsa otal ɗin King David a birnin, mutum 91 suka mutu, 41 daga ciki Larabawa ne. Sai kisan gillar da aka yi wa Larabawa a ƙauyen Deir Yassin a Afrilun 1948. Ina gudun kada a wanke shi da sabulun "ɗan gwagwarmaya".

Malam Nasiru:
Ba wanki na zo yi ba Hajiya, duk abin da kika lissafa haka yake. Gyara ɗaya: lokacin Deir Yassin yana tsare a Kenya. Amma ƙungiyarsa ce, kuma da ya dawo cikin 'yan Irgun ya zauna, da shi aka kafa jam'iyyar Herut ta Begin.

Usman Maiwurno:
Malam, ni abin da na sani a ƙasarmu Sudan aka tsare su. Yaya aka yi ya zama Kenya?

Malam Nasiru:
Duka biyun gaskiya ne ɗan'uwa. Kashin farko, mutum 251, an kwashe su a Oktoban 1944 zuwa Sembel kusa da Asmara a Iritiriya. A 1945 aka mai da su Carthago cikin hamadar Sudan, aka sake dawo da su Sembel, sai a 1947 aka kai su Gilgil. Shi Tamir a ƙarshe aka kawo shi, bai ɗanɗana zafin Sudan ba. Yitzhak Shamir, wanda ya zama firaminista daga baya, daga Iritiriya ya tsere.

Baba Audu:
Halin Bature ke nan, in ya rasa yadda zai yi da kai sai ya nisanta ka da mutanenka. Haka suka kai Sarkin Kano Alu Lakwaja. Ku ci gaba yara, ina biye.

Sadik:
Don Allah wa zai yi mana bayanin shari'ar da Malam ya ce wani ya biya da ransa? Ni yau na fara jin sunan mutumin.

Barista Rabi:
Bari in gwada ƙanena, don a nan ne sunan Tamir ya fito.

A 1944 Jamus ta mamaye Hangari. Daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuli an loda Yahudawa kimanin 437,000 a taragun jirgin ƙasa, mafi yawansu zuwa Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi ke hallaka su. A Budapest akwai wani kwamitin agaji na Yahudawa, ɗaya daga cikin jagororinsa lauya ne kuma ɗan jarida, Rudolf Kastner. Shi ya zauna ciniki da Adolf Eichmann, jami'in Nazi mai kula da kwashe Yahudawan, da wani jami'in SS, rundunar musamman ta 'yan Nazi, mai suna Kurt Becher. Abin da cinikin ya haifar a fili shi ne jirgi guda da ya bar Budapest ranar 30 ga Yuni 1944 da mutum kimanin 1,684. An fara ajiye su a sansanin 'yan Nazi na Bergen-Belsen, daga baya suka isa Suwizalan kashi biyu, a Agusta da Disamba. A cikinsu akwai 388 daga Kolozsvár, garin Kastner, har da danginsa.

Bayan yaƙi Kastner ya koma Isra'ila, ya shiga Mapai, ya zama kakakin ma'aikatar ciniki da masana'antu. A 1952 wani dattijo mai ƙaramin otal a Ƙudus, Malkiel Gruenwald, wanda ya rasa 'yan'uwa da dama a Hangari, ya buga wata 'yar takarda da yake rabawa da kansa, ya zargi Kastner da haɗa baki da 'yan Nazi. Takardar da ba ta da masu karatu sosai. Da an ƙyale shi, da shi ke nan. Sai babban lauyan gwamnati, Haim Cohn, ya dage a gurfanar da tsohon da laifin ɓata sunan ma'aikacin gwamnati. Tamir, yana ɗan shekara 30, ya karɓi kare shi.

Ku lura da abu ɗaya, wanda duk lauya ya sani. A shari'ar ɓata suna, in wanda ake tuhuma ya ce "abin da na faɗa gaskiya ne", to an buɗe masa ƙofa ya tono rayuwar wanda ya ce an ɓata. Kuma da yake gwamnati ce ta kai ƙara, Kastner a matsayin shaida ya shigo, ba mai ƙara ba. Shaida ba shi da ikon kiran shaidunsa, ba shi ke tsara shari'ar ba. An fara zama ranar 1 ga Janairu 1954 ana zaton kwana kaɗan za a yi, sai aka shafe watanni, hukunci bai fito ba sai 22 ga Yuni 1955.

Sadik:
To Anti, ta ina Tamir ya kama shi?

Barista Rabi:
Ta kan Becher. Kastner ya tsaya a akwatin shaida ya musanta cewa ya taimaki Becher bayan yaƙi. Tamir ya bar shi ya nanata, sannan aka kawo takardar rantsuwar da Kastner ya bayar a 1947 a Nuremberg, inda ake shari'ar 'yan Nazi, yana yi wa Becher shaidar arziki, da kuma wasiƙar da ya rubuta wa Eliezer Kaplan, ministan kuɗin Isra'ila, a 1948 yana cewa sa bakinsa ne ya sa aka saki Becher. Daga ranar da alƙali ya kama shaida da ƙarya ɗaya, duk sauran maganarsa ta zama abin zargi. Reshe ya juye da mujiya. Tsohon da ake tuhuma ya koma ɗan kallo, Kastner ya zama shi ake wa shari'a.

Alƙali Benjamin Halevi ya wanke Gruenwald a kan zargi uku cikin huɗu: haɗa baki da 'yan Nazi, share fagen kisan Yahudawan Hangari, da kuɓutar da mai laifin yaƙi. Zargin cewa Kastner ya raba ganima da Becher ne kawai bai tabbata ba, a kansa aka ci tsohon tarar lira ɗaya. A cikin hukuncin ne Halevi ya rubuta cewa Kastner ya sayar da ransa ga Shaiɗan.

Alhaji Tanko Kumasi:
To ni ban ga laifin Tamir ba. An ɗauko lauya ya kare tsoho talaka wanda gwamnati ta taso wa, ya yi aikinsa, ya ci. Me ake so ya yi, ya tausaya wa mai ba gwamnati shaida? Kuma tambayar da ya yi tambaya ce mai nauyi. A Afrilun 1944 mutum biyu, Vrba da Wetzler, sun tsere daga Auschwitz sun ba da bayanin abin da ake yi a can dalla-dalla, labarin kuma ya kai ga shugabanni a Budapest. A Kolozsvár an tara mutum wajen 18,000 a masana'antar bulo, iyakar Romaniya ba nisa. Me ya hana a ce musu ku gudu, jirgin nan mutuwa zai kai ku? Hujjar Tamir ita ce Eichmann ya ba da jirgi ɗaya ne don ya sayi shirun shugabanni, sauran su hau taragu ba gardama. Ni dai in ɗan'uwana na cikin waɗanda aka bari, zan so a yi wannan tambayar a gaban alƙali.

Malam Nasiru:
Alhaji, tambayar halal ce. Abin da nake ja shi ne don wa aka yi ta. Dubi inda ya riƙa jan shari'ar. Ya kawo maganar Joel Brand, wanda Eichmann ya aika da tayin Yahudawa miliyan ɗaya a kan manyan motoci 10,000, Turawan Ingila suka kama shi a Halab. Me ya haɗa wannan da takardar Gruenwald? Manufar ita ce a nuna cewa shugabannin Jewish Agency, hukumar da ke jagorantar Yahudawan Falasɗinu kafin a kafa Isra'ila, wato su Moshe Sharett da ke kan kujerar firaminista a lokacin shari'ar, sun bi Ingila sau da ƙafa sun bar 'yan'uwansu. Zargin da Irgun ta daɗe tana yi musu ke nan tun zamanin tawaye: mu mun yi faɗa, ku kun yi fadanci. Kastner tsani ne kawai.

Ɗan Maraɗi:
Kuma tsanin ya kai shi inda yake so. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara nan take, 'yan adawa suka kawo ƙuri'ar rashin amincewa, jam'iyyar General Zionists da ke cikin gwamnati ta ƙi mara mata baya, Sharett ya yi murabus cikin mako guda da hukuncin. A zaɓen Yulin 1955 Mapai ta sauko daga kujera 45 zuwa 40, Herut ta tashi daga 8 zuwa 15. Abin dariya, mahaifiyar Tamir, Batsheva Katznelson, 'yar majalisa ce a General Zionists ɗin a wancan zangon. Gidan nasu ma gidan siyasa ne ta kowane ɓangare, gwaggonsa Rachel ita ce matar Zalman Shazar na Mapai, wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya.

Alhaji Tanko Kumasi:
Don gaskiya ta yi wa wani amfani a siyasa ba ta tashi daga gaskiya ba, Malam.

Barista Rabi:
Haka ne Alhaji, sai dai kotun ƙoli ba ta yarda gaskiyar ke nan ba. A Janairun 1958 alƙalai biyar suka zauna, huɗu suka rushe hukuncin haɗa baki, Moshe Silberg kaɗai ya tsaya a ɗaya ɓangaren. Shimon Agranat, wanda ya rubuta mafi tsawon bayani, cewa ya yi a auna mutum da abin da ya sani da abin da ya yi niyya a lokacin, ba da abin da muka sani bayan an gama ba. In ya yi imani ciniki da jan lokaci ne hanyar da za ta ceci mafi yawa, ko da lissafinsa ya kuskure, wannan ba haɗa baki ba ne.

Kuma maganar "ku gudu" tana da sauƙi a baki. Mazan da ke da ƙarfi an riga an kwashe su aikin tilas a rundunar Hangari. Waɗanda suka rage mata ne da yara da tsofaffi, jandarmomin Hangari ke gadinsu, maƙwabta ba masu ɓoye su ba ne. Akwai matasan da aka aika garuruwa da gargaɗi, mutane da yawa suka ƙi yarda. Ban da jirgin, akwai wasu wajen 15,000 da aka karkatar zuwa Strasshof a Ostiriya maimakon Auschwitz, akasarinsu sun rayu, ko da yake masana na jayayya kan ko cinikin Kastner ne sanadi ko buƙatar 'yan ƙwadago.

Amma a kan Becher duka alƙalan biyar sun tabbatar da hukuncin Halevi. Wannan Tamir ya tono shi, kuma ya zauna.

Sadik:
Shi Kastner me ya ce da aka wanke shi?

Barista Rabi:
Bai ji ba. A daren 3 ga Maris 1957 aka harbe shi a ƙofar gidansa a Tel Aviv, ya cika ranar 15 ga watan. An yanke wa mutum uku ɗaurin rai da rai: Ze'ev Eckstein wanda ya yi harbin, Dan Shemer, da Yosef Menkes tsohon ɗan Lehi, wata ƙungiyar ɓoye irin Irgun. A 1963 aka sake su.

Malam Nasiru:
Abin da nake nufi ke nan tun farko.

Alhaji Tanko Kumasi:
A'a Malam, a nan kam ka yi nisa. Babu kotun da ta danganta Tamir da kisan. Wanda ya ce an sayar da rai ga Shaiɗan alƙali ne, ba lauya ba. Wanda ya kai ƙarar tun asali gwamnati ce. Shi Eckstein ɗin ma ya taɓa yi wa hukumar tsaro ta Shin Bet aikin kai rahoto. In za a raba alhaki, layin da tsawo kafin a zo kan Tamir.

Malam Nasiru:
Ban ce shi ya aika ba, Allah ya kiyaye in ɗora wa mutum abin da ba a tabbatar ba. Na ce ya san irin garin da yake magana a ciki. Ƙasa cike da mutanen da aka kashe musu iyaye shekara goma da suka wuce, da tsofaffin 'yan ƙungiyoyin ɓoye da ba su manta yadda ake harbi ba. Shi da kansa ya kare irinsu: Dov Shilansky da aka kama da bam a ma'aikatar harkokin waje a 1952 saboda adawa da karɓar diyya daga Jamus, da 'yan ƙungiyar ɓoye ta Tzrifin a 1953. Ga mujallar Uri Avnery, HaOlam HaZeh, tana ɗaukar abin da aka faɗa a kotu tana kai shi kowane gida mako-mako. Wanda ya san duk wannan, ya san nauyin kiran mutum abokin Eichmann.

Baba Audu:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne alƙalin. An ce daga baya siyasa ya shiga?

Ɗan Maraɗi:
Ƙwarai Baba. Halevi ya ajiye alƙalanci ya shiga majalisa a 1969 a ƙarƙashin Gahal, ƙawancen Begin, kuma a 1977 shi da Tamir suka haɗu a jam'iyya ɗaya, Dash ta Yigael Yadin. Amma kada a yi saurin yanke masa hukunci. Shi ne ya jagoranci shari'ar Kafr Qasim, inda 'yan sandan kan iyaka suka harbe Larabawa kusan 50 a 1956, ya ce akwai umarnin da haramcinsa a bayyane yake, wajibi ne soja ya ƙi bi. Yana kuma cikin alƙalai uku da suka yi wa Eichmann shari'a a 1961.

Shi kuwa Tamir a siyasa bai iya zama a inuwar kowa ba. Ya bar Herut a 1952, ya dawo a 1964, ya shiga majalisa a 1965, a 1966 ya nemi ture Begin a babban taron jam'iyya, inda wani ɗalibi mai suna Ehud Olmert ya miƙe ya ce Begin ya sauka. Aka dakatar da shi, ya kafa Free Centre a 1967, ta samu kujera 2 kacal a 1969. Ya shiga Likud, sabon ƙawancen Begin, a 1973, ya fice, ya koma Dash, ya ƙare minista a gwamnatin Begin ɗin da ya so turewa.

Barista Rabi:
Ga wani abu da zai ɗan dagula wa Malam lissafi. Dokokin ta-ɓaci na 1945 da Ingila ta bari sun ba soja ikon tsare mutum ko korarsa daga ƙasa ba tare da shari'a ba, irin abin da aka yi wa Tamir kansa. Isra'ila ta gaje su ta ci gaba da aiki da su. A 1979, yana ministan shari'a, aka yi sabuwar dokar tsarewa: dole a kai wanda aka tsare gaban shugaban kotun gunduma cikin awa 48, umarnin ba ya wuce wata shida sai an sabunta, alƙali na sake dubawa duk wata uku, aka kuma soke ikon korar mutum daga ƙasa. Wanda yaƙi kawai ya sani ba zai ɓata lokacinsa a kan wannan ba. Ina ganin Gilgil ta bar masa tabo.

Ummu Khalil:
Barista, ƙarasa mana. Dokar a cikin Isra'ila take aiki. A Gaɓar Yamma da Gaza a lokacin umarnin soja ne ke ci. A Mayun 1980, yana kan kujerar tasa, aka ɗauki magajin garin Hebron Fahd Qawasmeh da na Halhul Muhammad Milhem aka jefa su Lebanon da waccan tsohuwar dokar Turawan. Ba shi ya sa hannu ba, harkar ma'aikatar tsaro ce, amma gwamnatinsu ce. Wanda aka kora daga garinsu ba shari'a ya zauna a majalisar ministocin da ke korar wasu daga nasu garin. Kuma ita tsarewa ba tare da tuhuma ba bai kashe ta ba, ya yi mata kwaskwarima ne, har yau da ita ake riƙe Falasɗinawa.

Barista Rabi:
Ban musa ko ɗaya ba Hajiya. Na kawo ta ne a kan maganar Malam cewa bai canza ba. Bayan yaƙin 1967 jam'iyyarsa ce ke cewa yankin da aka ƙwato ba a mayarwa, amma yana cikin gwamnatin da ta amince ta mayar wa Masar Sinai.

Malam Nasiru:
Na karɓi dokar 1979 a matsayin hujja a kaina, rabi. Sauran rabin Hajiya ta riƙe.

Usman Maiwurno:
Bayan ya bar minista me ya yi?

Ɗan Maraɗi:
Ya koma aikin lauya, sai gwamnati ta ɗora masa jagorancin tattaunawar musayar fursunoni bayan yaƙin Lebanon na 1982. Da shi aka ƙulla yarjejeniyar Mayun 1985 da ƙungiyar Falasɗinawa ta Ahmed Jibril: fursunoni 1,150 a kan sojan Isra'ila uku. Cikin waɗanda aka saka akwai Sheikh Ahmed Yassin, wanda daga baya ya kafa Hamas. An soki yarjejeniyar sosai a Isra'ila, ana cewa an ba da kai ga abokan gaba.

Alhaji Tanko Kumasi:
Na san abin da Malam zai ce yanzu, cewa wanda ya tsine wa Kastner don ya zauna ciniki da maƙiyi shi ma ya ƙare a teburin ciniki yana zaɓen sunaye. Kada ma ka fara. Tamir da gwamnati da soja a bayansa ya zauna, kuma kowa ya san abin da ake ciki. Zargin da ya yi wa Kastner ba zaman ciniki ba ne, ɓoye wa mutane inda jirgi zai kai su ne.

Malam Nasiru:
Ka riga ni, kuma bambancin da ka kawo gaskiya ne. Sai dai shi ma yana goyon bayana. Kastner ba shi da soja, ba shi da gwamnati, fatar baki kawai gare shi a gaban Eichmann, aka zo aka auna shi da mudun mai bindiga. Tamir bai taɓa janye matsayinsa a kansa ba har ya mutu.

Sadik:
Anti Barista, in mutum zai karanta hukunci ɗaya kawai, na Halevi ko na kotun ƙoli?

Barista Rabi:
Karanta na Silberg tukuna, wanda aka rinjaya. Shi bai yi zafin harshen Halevi ba, amma ya ƙi yarda cewa shugaba na da ikon yanke wa dubban mutane shawarar abin da ya kamata su sani game da ransu. Sannan ka ɗora da na Agranat, ka dawo zaure mu ji wanda ya fi gamsar da kai.